Sunan da Yaya Saude ta kira

Shekara ashirin ke nan da muka rasa yayata Saude, kuma har yau idan watan rasuwarta ya kama sai in rasa inda zan sa kaina. In zauna, in tashi, in ɗora tukunya in manta da ita. Na bana ya fi na kullum, domin kwanan baya na shiga wani kantin littattafai zan saya wa jikata littafin lissafi, sai idona ya faɗa kan wasu littattafan yara masu sheƙi, duk a kan yaran da yanzu ake cewa suna da otizim, waɗanda mu a nan muke yi wa kuɗin goro da sunan galahanga. Na tsaya ina buɗawa ina rufewa har mai kanti ya fara yi mini kallon wadda ta zo karatun kyauta. Tambaya ɗaya ce take ta yawo a kaina: da Yaya tana raye, me za ta ce?

A unguwar Zaitawa aka haife mu. Ita malamar firamare ce, ta ƙananan azuzuwa, aure kuma ya kai ta Soron Ɗinki, gidan Malam Ɗahiru tela. Mu da su duk jinin Fulani ne da suka daɗe da jingine sanda suka zauna a birni. Shanun sun tafi tun zamanin kakanni, amma kunyar tana nan daram. Yaya ta fi kowa a cikinmu. Mace ce da za ta tsaya gaban aji ta cika shi da murya, amma da ta shigo gida ta ga surukarta sai ka rantse ba ta taɓa ɗaga harshe ba.

Ɗanta na fari namiji ne, aka sa masa sunan kakansa na wajen uba, Nasiru. Duk wanda ya tashi a cikin badala, wato cikin ganuwar birni, ya san abin da hakan yake nufi. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, matar ɗa kuma ba ta kiran sunan surukinta, ga shi an haɗa mata biyun a kan yaro ɗaya. Sauran mutanen gidan ma kowa ya nemi hanyar kaucewa. Hajiya, uwar Malam Ɗahiru, tana ce masa Maigida. Ubansa yana ce masa Baba. Yaran gida suna ce masa Abba, gwaggonninsa kuma Mai Sunan Malam, don da Malam suke kiran kakan. Yaya ba ta da ko ɗaya, sai dai "kai" ko "yaron nan". Tun ranar suna da liman ya faɗa, ban jin an ƙara furta sunan a gidan.

Yaron ya taso ba ya kallon idon mutum, muka ce ladabi ne. Ba ya magana, muka ce miskili ne irin kakansa. Zai wuni a soron ubansa yana jera maɓallai, farare daban, baƙaƙe daban, kuma idan aka gusar da guda ɗaya sai gidan ya ɗauka. Idan injin niƙan maƙwabta ya tashi ya toshe kunne ya shige bayan randa. In an kira shi bai juyo ba, babu wanda ya damu, domin kowa yana zaton sunan da wancan yake kiransa ne ya saba da shi. Abin da har yau yake ƙona mini rai shi ne, duk muna ƙaunarsa. Ba sakaci ba ne. Tarbiyyar da muke alfahari da ita ce ta rufe mana ido.

Yana da kamar shekara biyar aka shiga hidimar siyasar da ta mayar da soja bariki. Waɗanda suka ga lokacin sun san yadda birni ya koma. Kowane bango hoton ɗan takara, kowane lungu lasifika, rediyo tana ta cewa yanzu kowa zai faɗi albarkacin bakinsa. Wata ranar da rana tsaka ayarin 'yan siyasa ya ratso bakin layinsu da kiɗa da ham na motoci. Kafin a ankara yaron ya fice da gudu. Muka bazu, kowa yana ƙwala kiran da ya saba. Ni ina Abba, Abba, yara kusan rabin unguwa suna juyowa. Sai dab da magariba aka same shi can a unguwar Dukawuya, a rakuɓe gefen shagon wani dattijo. Dattijon ya ce ya yi tambayar duniya yaron ya faɗi sunansa ko na ubansa, ko uffan.

Bayan wannan ne Hajiya ta yanke hukunci. Za a kai shi ƙauye wajen ƙanenta, inda babu mota babu hayaniya, da zarar an yi Babbar Sallah. Kada mai karatu ya ɗauke ta muguwa. Tsohuwar ta rame a yinin nan guda, kuma a al'adarmu kaka tana da iko da ɗan fari fiye da uwarsa. Malam Ɗahiru ya sunkuyar da kai. Yaya ma ba ta musa ba, don uwar ɗan fari ba ta da bakin roƙo a kansa. Amma ta san idan ya tafi, ya tafi ke nan, babu makaranta, babu dawowa.

Ni na raka ta ta kai shi asibiti, a ɓoye, da sunan zazzaɓi. Muka dace da wata likita 'yar gari, mai haƙuri. Ta daɗe tana kallon yadda yake juya murfin biro, sannan ta ce, "Malama, idan kika kira sunansa yana juyowa?"

Yaya ta kau da kai. Likita ta maimaita.

"Ban taɓa kira ba," in ji Yaya. "Na fari ne."

Likitar ba ta yi dariya ba, ita ma ta san gidan da ta fito. Ta ajiye biro ta ce irin waɗannan yaran ba sa son abu yana sauyawa, a zaɓi suna guda a tsaya a kansa, kuma wanda yaron ya fi natsuwa da muryarsa shi ne zai riƙa kira. Ta nuna mana wani ɗan littafin Turanci mai hotuna da ake karanta wa irinsu a ƙasar waje, ta ce ba ta san da na Hausa ba. A hanyarmu ta dawowa na ce wa Yaya ai da sauƙi, a tsaya a kan Abba. Ta girgiza kai. Ta ce Abba nawa ne a layinsu? Idan ya sake ɓata, wane Abban za a ce? Sunan da zai kai shi gida ake nema, sunan da ke rajistar makaranta.

Littafin da ta yi, da ka gan shi sai ka yi dariya. Ragowar fastocin 'yan takara ta tattaro, ta yanka, ta manna su biyu biyu fuskokin suna ciki, farin bayan ya zama shafi. Malam Ɗahiru ya ɗinke mata gefen da keke, bai tambaye ta na mene ne ba. Ta zana yaro da babban kai kamar ƙwarya, don Yaya ba ta iya zane ba ko kaɗan. A ƙasan kowane hoto jimla guda. Wannan Nasiru ne. Nasiru yana son maɓalli. Nasiru ba ya son ƙara, idan ya toshe kunne a bar shi. Gidan su Nasiru yana Soron Ɗinki. Ta ce mini ba don shi kaɗai ta yi ba, har da yaran gida, su daina ce masa dolo. 

Ni ta miƙa wa in karanta masa, tunda ni babu ruwana da kunyarsa. Na yi ta yi, da murya mai daɗi, da waƙa, da alewa. Ko kallon inda nake bai yi ba. Da na buɗe baki sai ya kwashi maɓallansa ya koma wani gefen. Sallah tana ta matsowa, Hajiya har ta sa an ɗinka masa kayan tafiya.

Ranar da abin ya faru da la'asar ne, matan gida suna tsakar gida ana tsince shinkafa, Hajiya tana kan tabarmarta. Yaya ta fito daga ɗaki ta karɓe littafin daga hannuna, ta durƙusa kusa da shi. Ta ce, "Wannan," sai muryar ta maƙale. Na ga zufa a goshinta. Sannan ta faɗa, a fili, kowa yana ji.

 Wata gwaggonsa ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Saude, lafiyarki kuwa? A gaban Hajiya?"

Yaya ba ta ɗago ba. Ta ce, "Hajiya, ki yafe mini. Sunan Malam ne, na sani. Amma in bai san nasa ba ne, wa zai dawo mana da shi?"

Hajiya ta tashi ta shige ɗaki, ta saki labule.

Zan so in ce yaron ya juyo a take, amma ƙarya ba ta dace da rubutun tunawa da mamaci ba. Bai juyo ba. Abin da kawai ya yi shi ne bai tashi ba. Washegari ta sake, jibi ta sake, kullum bayan la'asar, a wuri ɗaya. Labari ya zaga dangi cewa boko ya cinye wa Saude kunya. A gidajen biki ana nuna ta da baki. Ni na yi faɗa da mutane da yawa a kan wannan, kuma ban yi nadamar ko ɗaya ba. Ita kuwa ba ta tanka wa kowa. Ana saura kaɗan Sallah, wata rana ta kira shi daga bakin madafa, ba littafi a hannunta, ya ɗago kai. Hajiya tana wurin. Ba ta ce ta janye maganarta ba, tsofaffinmu ba sa faɗin haka. Kayan tafiyar dai su ya sa ranar Idi, kuma ba a sake tayar da zancen ƙauye ba.

Yaya ta so a buga littafin, ta cire sunan ɗanta ta bar gurbi kowace uwa ta rubuta na nata. Mun zaga wuraren buga takardu, duk injinansu suna kan kalandar taya sababbin shugabanni murna. Wani ya juya shi ya ce wa zai sayi littafin yaron da ba ya magana? Ta ce za ta koma in hayaniya ta lafa. Ba ta lafa ba har ciwon da ya ɗauke ta ya zo, Nasiru bai kai ga balaga ba. Littafin ma bai daɗe bayanta ba, ruwan sama ya shiga ɗakin wata damina ya jiƙe shi ya narke.

To yau ga littattafan sun zo, masu kyau, masu launi. Na san Yaya za ta yi murna, za ta shafa takardar ta yaba zanen. Amma na san kuma za ta tambaya, wa aka rubuta wa? Duk waɗanda na gani da Turanci suke. Yaron ciki yana da ɗakinsa shi kaɗai da karensa. Babu wanda ya san gidan da mutum ashirin suke cin tuwo a tsakar gida ɗaya, ko gidan da rashin kallon ido abin yabo ne, balle uwar da ba ta kiran ɗanta. Marubutanmu suna cika kasuwa da littattafai kullum, an rasa wanda zai zauna ya rubuta jimla goma saboda waɗannan yaran? Wannan ne yake hana ni zama. Ban sani ba ko yanzu haka a wani lungu na Zaitawa akwai yaro mai suna huɗu da ba ya amsa ko ɗaya.

Nasiru yanzu magidancin mutum ne a tsawo, da gemunsa. Yana soron ubansa, shi ke sa maɓalli, kuma telolin unguwa har kawo masa nasu suke yi. Maganarsa kaɗan ce. Yana zuwa masallaci ya dawo shi kaɗai, in an tambaye shi sunansa da unguwarsu yana faɗa. Idan aka ce me Saude ta bari, babu gida ko fili da zan nuna. Wannan ne, kuma ni na san abin da ta biya.

Na sayi ɗaya daga cikin littattafan na kai masa. Ya buɗe shafi bayan shafi har ƙarshe, ya koma farko, sannan ya ce, "Babu Nasiru." Ya ɗauko biro daga aljihun ubansa ya miƙo mini. Na bi kowane shafi ina soke sunan yaron Turawan ina rubuta nasa, na fassara masa da Hausa ina karantawa. Wannan karon bai tashi ba, ya saurara har na gama. Sai ya ce, "Ba haka take faɗa ba."

Na ce, "Yaya take faɗa?"

Ya kalli bango. Ya ce, "Wannan," ya yi shiru, ya ja numfashi, sannan ya sauke murya ya ce, "Nasiru ne."

Muryarta ce sak, har da ɗan tsayawar. Ashe duk shekarun nan kunyar ba ta taɓa sakinta ba, kullum sai ta haɗiye ta kafin ta kira shi. Malam Ɗahiru ya tsayar da kekensa ya fita waje, ni kuma na zauna na yi kukan da rabona da irinsa tun ranar jana'iza. Allah ya haskaka kabarinki, Yaya, ya kira ki da mafi kyawun sunayenki.