Layin da Tajammul Sahab Ya Ƙara

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, sha huɗu ga Maris, labari ya iske mu a ofis cewa Allah ya karɓi ran Mir Tajammul Husain, babban injiniyanmu, a gidansa da ke unguwar Malakpet.

Tajammul Sahab, kamar yadda muke kiranka don girmamawa, shekara tara na yi a ƙarƙashinka, ban taɓa jin ka yarda da abu a karon farko ba. In kwamfuta ta ce zanen hanyoyin wutar na'ura ya yi, sai ka ce, "Ita ta taɓa jin sanyi ne?" Duk ƙwayar silikon da aka buga zanenmu a kanta, in ta dawo daga masana'anta, sai ka cusa ta a firijin ofis, gefen kindirmon mutane, sannan ka gasa ta, ka auna. Dariya muke yi maka a bayan ido, har da ni.

Rashin yardar nan na koya a wurinka, kuma a kanka na fara gwada shi. Bara na zana amfilifaya, wato sashen ƙara ƙarfin sigina, ta na'urar auna bugun zuciya, aikin farko da zai fita da sunana. A cikinta akwai tiranzista, ƙananan makunnan wuta, guda biyu tagwaye, dole wuta ta riƙe su daidai a tsakiya. Ka ce in ƙara layin da zai riƙa komowa baya yana duba su, yana gyara musu zama.

Na ce, "Sahab, ai lissafi ya nuna ba sa motsi."

Ka ce, "Farhat, 'yata, tagwaye ma in ba mai leƙa su, tare suke ɓacewa."

Kwana uku ka ƙi sa hannu. Da na buɗe zanen, na tarar ka ƙara layin da kanka. Raina ya ɓaci. Na ɗauka so kake ka laƙa sunanka a gumina, na kai ƙararka wurin manaja, aka cire ka daga aikin. Roƙo ɗaya ka yi, a buga zanen iri biyu, nawa da naka.

Jiya ƙwayoyin biyu suka iso daga masana'anta. Na sa su a firijin nan. Nawa ya karkace tun kafin minti goma, naka bai gusa ba. Na binciki takardun sau uku ina neman inda ka ɓoye sunanka. Sunana kaɗai ne a kai.

Yanzu manaja yana gaya wa kowa shi dama bai taɓa shakkarka ba. Ban yarda da shi ba. Ni dai na zarge ka, na yi kuskure, kuma ka tafi ban nemi gafararka ba. Wannan ne ke cin raina.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Nusrat Begum da 'ya'yanka biyu. Allah ya ba su haƙuri, ni kuma su yafe mini a madadinka.