Hujin da Yaya Ta Yi wa Kwat ɗin Injiniya

Shekara ashirin da shida Yaya ta yi a ɗakin baya na wani kamfanin wanki da guga, kuma ko mutum ɗaya cikin masu kawo kaya bai san da zamanta ba. Aikin nata ke nan, kada a sani. Idan mai guga ya shagala da hira ya ƙona hannun riga, ko injin wanki ya yaga aljihun wando, sai a lallaɓo da kayan a ajiye mata. Ba faci take yi ba, kada ma ka kuskura ka faɗi wannan kalmar a gabanta. Zare take zarowa daga cikin kalmasar rigar, can inda aka lanƙwashe bakinta, ta saƙa shi ɗaya bayan ɗaya a kan hujin har yadin ya koma yadda yake. Mai kaya ya zo ya karɓa, ya yi godiya, ya tafi bai san an yi masa ɓarna ba.

Ni ce ƙanwarta, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni ce mai bakin gidanmu. Ranar da sabon manaja ya sallame ta, wai idonta ya tsufa, ni na yi ta sababi har muryata ta dushe. Ita kuwa ta naɗe alluranta a ƙyalle, ta dawo gida, ta share ɗakinta na gaba, ta jawo tebur kusa da taga. Ta ce daga yau nan ne shagonta.

Ɗanta guda ne, Injiniya muke ce masa. Yana da kirki, ba zan yi masa ƙarya ba, amma irin masu kirkin nan ne da za su yanke maka hukunci su ce kulawa ce. Ya gyara mata ɗaki a gidansa, da talabijin da kujerar kishingiɗa, ya ce ta tattaro ta koma can ta huta. Ta ce ba ta gaji ba. Ya ce wa zai kawo mata aiki a wannan lungun da ko mai babur sai ya yi tambaya sau biyu kafin ya gano shi? Ta ce za ta buɗe shafi a intanet, masu nema su same ta.

Dariya ya yi, har da riƙe ciki. "Umma, ke da ko saƙon waya sai an karanta miki?"

Na ga yadda fuskarta ta yi, ni kaina sai da abin ya sosa min rai. Daga ƙarshe ya ce ya ba ta wata uku. In bai ga aiki yana shigowa ba, zai zo da mota a kwashe kaya, ita ma ta amsa da to.

Kai, na ga taurin kai a watannin nan! Kullum bayan ta idar da sallar azahar sai ta jingina wayar da gwangwanin maɓallai, ta kunna bidiyon masu koyarwa, ta tsayar, ta rubuta a takarda, ta sake kunnawa. Yatsanta ya yi kanta saboda allura, gilashin wayar ba ya jin taɓawarsa, sai ta koma dannawa da ɗan ƙaramin yatsa kamar mai ɗanɗana miya. Sau uku tana manta kalmar sirri. Ran nan kuma ta goge shafin gaba ɗaya tana neman canza launi. Na ce ta kira Injiniya ya gyara mata. Ta harare ni ta saman tabarau, ta ce in na gaji da zama ga ƙofa nan. A kwana huɗu ta sake gina shi, da lambar waya da kwatancen lungu da komai.

Maƙwabta sun ɗan kawo mata aiki, duk wanda ta gama sai ta rataye shi a bayan ƙofa ta ɗauki hoto ta ɗora. Waya ta fara ƙara, muka yi murna. Na farko ya ce nawa take sayar da shuɗin wandon nan. Ta biyu ta ce ko akwai irin rigar nan a babba. Ashe duk wanda ya shiga shafin kaya lafiyayyu yake gani, ba tabo ba alama, sai ya ɗauka gwanjo take sayarwa.

Na ce, "Yaya, ai dole. Ki riƙa ɗaukar yagar tukuna, sannan ki ɗauki gyaran, a ga bambanci."

Ta ajiye allura. "Rigar mutane? Mutum ya kawo min yagaggen wandonsa a leda don ya rufa wa kansa asiri, ni kuma in baza shi duniya ta gani?"

"Wa zai san na wane ne?"

"Ni na sani."

Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi fushi na kwana biyu ban leƙa ta ba, ko gezau. Haka wata uku suka cika tana amsa wa masu neman gwanjo cewa su yi haƙuri.

Ranar Asabar da hantsi Injiniya ya iso da motar kaya da direba. Yana sanye da kwat ɗinsa ruwan toka, wanda ya ɗinka lokacin da aka yi masa ƙarin girma, ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kai. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya gaishe ni, ya ce, "Inna, ki taya ni ba ta baki. Alkawari ne."

Yaya ta ce, "Na san alkawari. Cire kwat ɗin nan, akwai zafi."

Ya cire ya miƙa mata, yana zaton ratayewa za ta yi. Ta yafuto ni muka shiga ƙurya. Kafin in buɗe baki ta sa almakashi ta yi wa kwat ɗin huji, ta zura yatsa a ciki, ta ce in riƙe mata yadin da kyau. Ta ɗauki hoto kusa-kusa, ba a ganin komai sai yadi da huji da yatsanta. Ta fito ta nuna masa.

Ya miƙe zumbur. "Umma! Kwat ɗina?"

"Naka, kai kuma nawa ne, ba asirin kowa na taɓa ba. Zauna. Zan gyara shi in ba ka. Idonka bai tsufa ba, ko? In ka nuna min wurin, da ƙafata zan shiga motar nan. In ka kasa, ka sallami direba."

Ya dube ni, ni kuwa na kau da kai ina danne dariya. Na san hannunta, amma na san kuma tana yawan murza ido kwanan nan. Ta kore shi waje, ta zauna gaban taga. Awa biyar ba ta ɗaga kai ba sai don salla. Sau biyu zaren yana kuɓuce mata, ta sake kamo shi ta ci gaba. Direba har ya yi barci a inuwar motarsa ya farka.

Bayan la'asar ta goge kwat ɗin ta miƙa wa Injiniya. Ya fita da shi cikin hasken rana. Ya juya gaba, ya juya baya, ya shafa, ya ɗaga sama yana leƙe. Ya nuna kafaɗa, ta girgiza kai. Ya nuna gefen aljihu, ta ce a'a. Direba ma ya zo ya sa nasa idon. Ni da na riƙe yadin aka yanka, wallahi sai da na rikice.

Ya dawo ya tsaya a bakin taga, muryarsa ta yi ƙasa. "Umma, ba raina ki na yi ba. Tsoro nake ji wata rana ki faɗi a ɗakin nan ba kowa."

Ta ce, "Na sani. Ranar da na gaji, ni da kaina zan kira ka, ba sai ka zo da mota ba. Amma ba yau ba ce."

Ya juya ya yi wa direba hannu, motar ta ja baya ta fita daga lungun ba komai a cikinta. Yaya ta shimfiɗa kwat ɗin a kan tebur, ta ɗaga waya za ta ɗauki hoto na biyu, wanda za ta jera kusa da na hujin a shafinta. Injiniya na nan tsaye a bakin taga yana goge ido da bayan hannu.

Ta ce, "Matsa can, ka tare min haske."