Ƙarƙashin Duwatsun Rafin Baftisma

Ranar Asabar, sati biyu kafin Ista, ƙarfe biyar da rabi na asuba na fito daga gidana a Samaru. Mutum goma sha ɗaya za a yi wa baftisma a rafin da ya ratsa ta Sabon Gari, cikinsu har da 'yata Hannatu. Wasu iyaye sun fara ƙorafi a kan ruwan, shi ne Fasto ya ce in je in dubo. Ni a raina ɓata lokaci ne, don a wurin aka yi mini tawa baftismar. Na roƙi maƙwabcina Malam Sani, mai aiki a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, ya raka ni. Na tarar ya idar da salla, yana jirana da raga da farin faranti da kwalabe uku.

Bomo

Malam Sani ya dage sai mun fara daga sama, inda ruwan ke gangarowa. Acaɓa biyu suka kai mu Bomo a naira talatin-talatin, shida da kwata muna bakin rafi. Ruwan ja wur, ga sawun shanu, ga taɓo har idon sawu.

Na toshe hanci na ce, "Malam, nan kuma me za a duba? Ai makaho ma ya san wannan ƙazanta ce."

Ya naɗe wando ya shiga, ya kafa raga, ya dinga birkita duwatsu da ƙafa, sannan ya juye abin da ya kamo a faranti. Kai jama'a! Farantin ya cika da motsi: 'ya'yan mazari, talibambam, ƙaguwa guda, da wasu ƙwari da ban san sunansu ba.

Ya ce, "Ka gan su? Su ne shaidunmu. Ruwa in ya lalace, su ke fara mutuwa."

Wani manomi mai ban ruwan albasa ya ba mu rogo da ƙuli, muka karya a tsaye.

Dogarawa

Muka dawo Samaru, daga tasha muka hau bas. Direban ya hango ragar ya ce, "Malamai, kamun kifi da rigar ofis?" Tara saura muka sauka a Dogarawa. Nan farantin ya rage, 'yan katantanwa ne da tsutsotsi, ga leda ta naɗe kowane dutse. Malam Sani ya cika kwalba ya yi rubutu a jikinta, fuskarsa ba walwala.

Sabon Gari

Tafiyar minti ashirin da biyar muka yi a ƙafa zuwa wurin baftisma. Ina hango bishiyar mangwaron da ke bakin wurin na ji kaina ya kumbura. Ruwa garau, har yashin ƙasa kana gani.

Na ce, "To, ga namu nan. Ka taɓa ganin ruwa mai tsabta haka?"

Malam Sani ya shiga, ya birkita, ya juye. Wayam. Ya matsa gaba ya sake, ya kuma sakewa har sau biyar. Ni da kaina na tsuguna ina ɗaga duwatsu, ko gansakuka babu a jikinsu, sai wani santsi mai wari kamar na tsohon batir.

Ya ce, "Malam Bitrus, ba tsabta ce ta sa ya yi garau ba. Babu mai rai a cikinsa ne."

Wata mai sayar da abinci a gefen gada, Mama Ngozi, ta ƙwala mana kira da Hausarta ta 'yan kasuwa: "Oga, ka fito daga ruwan nan! Ni ko kwano ba na wankewa da shi. Dubi hannuna." Fatar yatsunta duk ta sale. Ta nuna mana wani bututu a bayan wata katanga, taku kamar ɗari sama da mangwaron, yana ɗigo a hankali cikin rafin. Ta ce shekara biyu ke nan ko kukan kwaɗo ba ta ji ba.

Shekara biyu! Ashe har da baftismar bara. A nan na tuna yaron Dattijo Yakubu, wanda ya yi wata guda da ƙuraje da ciwon ido, muka ɗora laifin a kan sabulu. Ni na riƙe hannunsa na shigar da shi ruwan nan, ina waƙa. Na zauna daɓas a ƙasa.

Gida

A wurin mai kiran waya ƙarƙashin lema na buga wa Fasto, na ce ko sakamakon kwalaben bai fito ba, ni dai 'yata ba za ta shiga nan ba, kuma ba zan riƙe ɗan kowa ba. Ya ce, "To ina za mu?" Na ce Bomo.

Ƙarfe ɗaya da minti goma muka iso Samaru. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Malam Sani da Mama Ngozi. Na tarar da Hannatu tana guge farar rigarta.

Ta ce, "Baba, ruwan yana da kyau?"

Na ce, "Ajiye dutsen gugar nan, 'yata. Rigar nan ja za ta dawo, ke kuma ki dawo mini lafiya."