Hon ɗin Sidi Haruna

Abin da na fara gani da muka shiga falon Sidi ranar Juma'ar nan shi ne an cire wa na'urar gem mayafinta. Ku da kuka san gidan nan na unguwar Mada'in Fahad kun san ba ƙaramin abu ba ne wannan. Sidi Haruna, kakanmu na wajen uwa, bai taɓa barin wani abu a buɗe ba. Rimot a leda, agogon bango a leda, kujeru ma a leda, in ka zauna da zafi sai ka tashi da ƙara. Ita kuwa na'urar, tsohon ɗankwalin kakarmu Sitti ya yafa mata, tana ta huci a ciki kamar mai zazzaɓi. To ran nan ga ta a fili, ga sukundireba a gefenta, ga Yaya Anas ya naɗe hannun riga. Wata biyu ke nan da rasuwar Sidi. Gabana ya faɗi, domin muryarsa tana cikin akwatin nan, kuma ni kaɗai na sani.

Asali na'urar ta Yaya Anas ce. Umma ce ta kwashe ta daga gidanmu na unguwar Safa lokacin jarrabawa, ta kai wa mahaifinta ajiya. Sidi ya karɓa da fuskar alƙali, ya ce ba mai taɓa ta. Da aka gama jarrabawa Yaya ya je karɓa, sai ya tarar da tsoho zaune daf da talabijin, samma'a, wato abin saurare mai makirfo, a kunne, yana tuƙa tirela. Ashe akwai wasan tirela a ciki, shi kuwa shekara talatin ya yi yana ɗaukar kaya daga tashar jirgin ruwa zuwa sito-siton Khumra. Ko waiwayowa bai yi ba. Ya ce, "Ka dawo in na sauke kaya." Har ya koma ga Allah bai gama saukewa ba.

Kai, ba ku ga tuƙi ba! Sai ya karanta addu'ar tafiya kafin ya tayar da mota. Danja ta tsayar da shi ya tsaya, ko babu kowa a titin. Bai taɓa wuce tamanin ba. In an kira salla, sai ya sa sigina, ya nemi gefe, ya kashe inji. Yaya ya nuna masa akwai maɓallin da ke tsayar da wasan baki ɗaya. Sidi ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "A ina ka ga an tsayar da titi don mutum ɗaya zai yi salla? Gefe ake samu." Ranar da aka sa masa wasan tsere kuwa, shi ya zo na ƙarshe, siginarsa na ƙiftawa. Muna ta dariya, ya ajiye hannun gem ɗin ya tambaye mu wane ne a cikin 'yan tseren ya iso da fitilunsa biyu.

Ni dai a bayan kujerarsa nake zama da littafin makaranta. Malama Shiru yake ce mini. Daga nan na lura da abin. Akwai wani ɗan maɓalli a gefen hagu na hannun gem ɗin, Sidi ya yanke cewa hon ne. Duk motar da ta shiga gabansa sai ya danna shi sau biyu, kamar direban kirki. Ba ya ƙara, don haka ya ce hon ɗin ya mutu, yake cike gurbin da bakinsa: "Fiiim, fiiim!" Amma duk sanda ya danna, wata 'yar alama ja takan bayyana a kusurwar allon. Na'urar ɗaukar wasan take yi, har da abin da yake faɗi cikin samma'a, domin haka Yaya ya saita ta tun yana ɗaukar ƙwallayen da ya ci. Na yi niyyar faɗa sau da yawa. To ta yaya zan ce wa direban shekara talatin bai san hon ba?

Ba a daɗe ba na'urar ta fara kukan ta cika. Yaya ya kawo shawarar a goge wasannin da ba a yi. Kun san amsar, ita ce dai wadda Umma ta samu ranar da ta so jefar da murfin filas ɗin da ya rasa filas: "Me ya yi maka?" A wajen Sidi abin da bai yi laifi ba ba a korarsa. Yaya ya riƙa goge nasa wasannin a ɓoye, bayan mako biyu ta sake cika. Ya ce lallai na'urar ta tsufa, sai an sa mata babban hardis, wato faifan da take ajiya a ciki.

A bakin Sidi kalmar ta zama "hadis". Sitti ta jiyo daga kicin ana cewa yaron nan yana neman babban hadis, ƙaramin ya yi masa kaɗan. Ta ɗaga hannu sama ta yi hamdala. Kafin magariba duk matan bene sun ji cewa Anas ya bar wasa ya kama karatu. Kwana uku tana ware masa cinyar kaza.

Ranar saye, Sidi ya sa aka kwashe komai daga but ɗin mota, ya kuma ɗauko wani ƙaton kwali daga baƙala, wato shagon kayan masarufi na ƙasan bene. Mai shagon na'urorin da muka je wani Bahaushen Sudan ne mai haƙuri. Ya ajiye mana wani abu da bai kai tafin hannuna ba. Sidi ya dube shi, ya dubi kwalin, ya ce, "Ina sauran?" Mai shago ya fito da irin ƙaramin da ke cikin na'urar don a gwada. Girmansu ɗaya. Sidi ya ɗora su a tafukansa yana aunawa, ya ce a Khumra in an ce sito babba ne, tun daga titi ake ganinsa. Mai shago ya ce, "Ya Hajj, wannan faɗinsa a ciki yake, ba a gani daga waje." Sidi ya ce haka dillalan gidan haya suke cewa.

Ya dai saya, ya sa shi a tsakiyar ƙaton kwalin don kada tafiyar kwali ta tashi a banza. Da muka iso gida Yaya ya ɗauko sukundireba, sai Sidi ya ce halas, a bar shi haka, ba yau ba. Abu sabo fil, me zai sa a tsufar da shi? Ya naɗe shi a leda, ya sa a kabad kusa da takalmin da aka saya masa tun kafin a haife ni.

Shi ne Yaya ya fito da shi ranar Juma'ar. Ya yi wa Umma bayani cewa sabon faifan babu komai a cikinsa, abin da ake so sai an kwafe shi waje tukuna a mayar. Yana dubawa ya ci karo da jerin bidiyo da ba shi da ƙarshe, duk hoton titi. Ya ce yawwa, ga sharar da ke cika ta, kwafe wannan sai ya ci yini. Ya zaɓe su duka. Na ga babban yatsansa ya hau kan "goge".

Na ce, "Yaya, me suka yi maka?"

Umma ta juyo kamar ta ji mahaifinta. Na ce ya buɗe guda ɗaya kawai, kowanne.

Ya buɗe. Titi, rana, gaban tirela. Sai ga muryar: "Fiiim, fiiim! Yalla ya ɗan'uwa, titin ubanka ne?" Yaya ya sulale ƙasa yana dariya. Muka buɗe na biyu, yana yi wa wata motar bas nasiha kan haƙuri. A na uku ya ɗan yi tari, ya ɗaga murya: "Hajiya, shayin nan fa?"

Daga kicin Sitti ta amsa, "Yana zuwa, ka cika gaggawa."

Sai ga ta a bakin ƙofa riƙe da cokali. Ta daɗe tana kallon talabijin. Na ji tsoron abin da na jawo. Can ta goge ido da gefen mayafi, ta ce ko yanzun ma ba zai bar mutum ya huta ba. Ta zauna a kujerarsa, ledar ta yi ƙara, ta ce a sake sa mata.

Kwafewar ta ci yinin kuwa. Daga bayan Juma'a har la'asar sakaliya ina zaune ina kallon wani layi shuɗi yana rarrafe. Yaya ya zare tsohon faifan, ya zura sabon, ya mayar da komai. Da ya kunna, allon ya yi baƙi na wani lokaci, ban san na riƙe hannun Umma ba sai da ta ce zan karya mata yatsa. Sai jerin ya dawo. Na sa Yaya ya gangara har ƙasa in gani da idona. Ba wanda ya ɓace, kuma ga fili ya rage mai yawa. Sai a lokacin na ji yunwa.

Allah Ya ji ƙan Sidi, Ya yafe masa, Ya yalwata masa kabarinsa da irin faɗin nan da ba a gani daga waje.

Kafin mu tafi Yaya ya buɗe wasan don gwaji. Tirelar tana nan a gefen titi, inji a kashe, kaya a baya, inda ya ajiye ta da aka kira azahar ɗinsa ta ƙarshe a gida. Na jira Umma ta fita neman takalminta, sannan na ce, "Yaya, ka koya mini tuƙin nan in kai masa kayansa. Amma don Allah kada ka gyara hon ɗin."