Turaren Umma da Ƙararrawar Hayaƙi

Shekarar da mantuwa ta fara cin Umma na ɗauko ta daga Kano na dawo da ita wurina a Durumi. Yayyena maza biyu kowa ya ce gidansa ya yi kaɗan, ni da nake zaune ni kaɗai a ɗaki biyu da falo, a saman bene, sai aka ga nawa ne mai fili. Ban yi musu ba. Uwata ce, kuma ina son ta kusa da ni. Matsalar ita ce ƙarfe bakwai nake fita ma'aikata, ba na dawowa sai biyar ta wuce, ita kuma tunda take ba ta taɓa yarda wani ya dafa mata abinci ba.

A sati na uku na dawo na tarar da tukunyar wake ta ƙone ƙurmus, Umma tana ɗaki tana ninke kayan da ta riga ta ninke. Allah ne ya tsare, gas ɗin ya ƙare da kansa. Washegari na sayo ƙararrawar hayaƙi guda biyu, farare, masu kama da murfin kwano. Mai gyaran wuta ya ɗaura ɗaya a silin ɗin lungun da ke tsakanin kicin da falo, ɗaya a ƙofar ɗakin Umma. Ya ce ba a sa ta daidai kan murhu, don tururi ma zai riƙa tayar da ita. Ya nuna min maɓallin da zan riƙa dannawa duk wata in gwada. Da ya danna, ƙarar har cikin haƙorana na ji ta. Na yi murna ƙwarai, wauta ta sa na ɗauka kwanciyar hankali na sayo.

Ƙararrawa dai ba ta kashe wuta, mutum take kira. Don haka na sauka wurin maƙwabciyata ta ƙasa, wata 'yar Filato mai ɗinki a gida, na ba ta makulli. Ta ce, "Ba komai, Anti. Mama naka Mama nawa ne. In na ji kawai zan hau."

Abin da ban kawo a raina ba shi ne turaren wuta. Umma ta manta unguwar da ta yi aure, takan manta ko ta yi azahar, amma turara gida bai taɓa kuɓuce mata ba. Kullum da hantsi sai ta hura gawayi a kasko, ta zuba turare, ta zaga ɗaki-ɗaki, ta bi ta lungun nan daidai ƙarƙashin ƙararrawa. In ta manta ta yi, sai ta sake. Ranar farko maƙwabciyata ta hau a guje da bokitin ruwa. Ta kira ni tana haki tana dariya: "Anti, ba wuta ba ne, turare ne! Mama ya ce in zauna in sha ƙamshi." Rana ta biyu sau uku ta hau.

Na ɓoye kaskon, Umma ta koma murfin tukunya. Na ɓoye turaren, ta wuni tana kuka wai an shigo an yi mata sata, har na kasa jurewa na fito da shi. Na yi mata faɗa, faɗa sosai, irin wanda har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Ta dube ni ta ce, "To, ki yi haƙuri," alhali ba ta san laifin da ta yi ba. Wani abokin aikina ya ce in cire batir kawai in huta. Na ce in cire in bar me, ado a silin?

Cikin wata biyu kowa a gidan ya saba. Mai gadi in ya ji sai ya ce Hajiya ta fara. Maƙwabciyata ta koma jira ta ga ko ƙararrawar za ta yi shiru da kanta, kuma ban ga laifinta ba, ga ciwon gwiwa ga ɗinkin mutane a gabanta. Ni ce dai kullum a ofis waya a hannu, oga yana magana hankalina yana gida. Duk farkon wata ina hawa kujera in danna maɓalli, in goge ƙura, in canja batir tun bai mutu ba. Na'urar lafiyarta ƙalau.

Wata Laraba Umma ta ɗora mai a kaskon suya, ya kama da wuta. Maƙwabciyata ta ji ƙarar, ta ce bari ta ƙarasa hannun riga. Sai da ta ga baƙin hayaƙi yana fita ta taga suka hau ita da mai gadi, suka danne wutar da jiƙaƙƙen bargo. Labule ya tafi, rabin kabad ya tafi. Umma suka tarar zaune a falo cikin hayaƙi, ƙarar tana tsaga kunne a kanta, ko motsi ba ta yi ba. Ita ma ta saba. Da yamma matar nan ta dawo min da makullina tana kuka, ta ce ba za ta iya ɗaukar nauyin ran mutum ba. Na karɓa.

Na sa aka fitar da gas, na kwashe ashana da gawayi, na sa wa kicin kwaɗo. Yanzu a kula nake bar mata abinci, wata mata kuma tana zuwa ta zauna da ita. Likita ya gaya min gaskiya, ya ce abin ƙaruwa zai yi ta yi. Na daina sa rai.

Wata safiya zan fita aiki na same ta tsaye a ƙofar kicin tana jan kwaɗon a hankali. Ta juyo ta gaishe ni da ladabi, irin gaisuwar da ake yi wa baƙo.

"Baiwar Allah, ke ce mai gidan nan? Ki taimaka ki buɗe min. 'Yata ta kusa tasowa daga makaranta, ban ɗora mata komai ba."

Makullin yana cikin jakata. Na ce mata ba ya hannuna.