Shunin da Mala Ari Ya Bari

In ka tambayi tsofaffin Fagge wane ne Mala Ari, sai sun gama dariya kafin su ba ka amsa. Babarbare ne dogo siriri, kakansa ya zo fatauci daga Borno ya manta hanyar komawa. A shekarun hamsin, tun Bature bai tattara komatsansa ba, sana'arsa ɗaya ce: wankin darduma, a wata rumfa wajen Rijiyar Lemo. Ba ya taɓa riga, balle wando. Wai wannan aikin masu ƙarancin ilimi ne.

Mai ƙarancin ilimin da yake nufi shi ne amininsa Nwabueze, mai wanki da guga a Sabon Gari, wanda yakan tako kekensa duk la'asar don kawai a yi musu.

Ari mutum ne mai ƙa'ida. Ba a kai ruwan zafi kusa da rini, dafa shi za ka yi ya zauna har jikoki. Ba a dirza, dannawa ake yi da farin tsumma, daga gefe zuwa tsakiya. Kayan aikinsa lemun tsami ne da kanwa da sabulun salo, amma awonsu ko matarsa ba ta sani ba. Duk dardumar da ya gama kuwa sai ya shanya ta a katangar rumfa, a inuwa, fuskarta ga hanya, mai ido ya duba. Shekara goma sha tara ba a taɓa ganin tabo a katangar nan ba. Ban da awaki biyu, wannan sunan shi ne dukiyarsa.

Wata Laraba sai ga Dabo, ɗan wani dillalin fata da ya rasu bara, da dardumar mahaifinsa 'yar Makka. Ƙanwar Dabo ce ta kifar da jar galura a tsakiyarta wajen rinin kaba. Can sama kuma ga wani shuɗin tabo mai duhu, faɗin tafin hannu.

"Baba, duka biyun nake so su fita," in ji Dabo. "Inna ba ta san na ɗauko ba. So nake ta gan ta sabuwa fil."

Nwabueze ya leƙo ta kafaɗar Ari. "Jan nan ko akuyarka ta lasa zai fita. Amma shuɗin? Mala, bari in kawo maka almakashi."

"Kai da kake ƙona wa akawu kwala da dutsen guga? Ka zo ran Juma'a da idonka biyu."

Jan ya ci masa kwana biyu, ya fita tas. Juma'a da hantsi ya juya kan shuɗin. Ya ɗan danna gefensa, tsumma ya ɗauko launi nan da nan. Shuni ne, kuma bai shiga zare ba, a sama ya kwanta. Aikin awa guda.

Ya durƙusa don ya ji daɗin aiki, sai gwiwoyinsa suka faɗa daidai wasu gurabe biyu da gashin dardumar ya suɗe. Ya sunkuya, goshinsa ya zo daidai tabon. Nan ya tsaya da tsumma a hannu. Ya tuna marigayin da baƙin rawaninsa ɗan Kura mai ƙyalli, irin wanda ko gaisawa kuka yi sai ka koma gida da shuɗin hannu. Ashe babu wanda ya zubar da komai. Sujada ce ta shekara da shekaru.

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya tashi ya shanya ta a katanga, shuɗin yana kallon hanya.

Bayan an sauko daga masallaci Nwabueze ya iso, ya kama buga ƙararrawar keke kamar gobara ta tashi. "Jama'a ku zo ku gani! Tabo a katangar Mala!"

Mutane suka taru. Dabo ya ɓata rai. "Baba, haka muka yi da kai?"

"Ya fi ƙarfina," in ji Ari, yana kallon ƙasa.

Ana cikin haka sai ga Inna Zaituna, uwar Dabo, tana haki, mayafi a karkace. Kwana biyu tana birkice ɗaki kafin 'yar tata ta faɗa mata inda aka kai dardumar. Ba ta gai da kowa ba. Ta wuce katanga, ta ɗora tafinta a kan shuɗin, ta bar shi a can.

"Yana nan," ta ce. Ta juyo. "Malam, Allah Ya yi maka albarka."

Dabo ya naɗe darduma ya bi bayanta. Nwabueze ya saki ƙararrawa.

Sunan da Ari ya yi dai ya zube. Daga ranar aka koma ce masa Ari Mai Shuni, wasu attajiran ma suka kai dardumarsu wani wuri. Bai taɓa kare kansa ba. Nwabueze kuwa, da ya ga komai da idonsa biyu, har suka tsufa bai daina zuwa da almakashi a aljihu ba. Sai dai in wani ya kuskura ya taya shi tsokana, a ranar zai ji zagi da Hausar Sabon Gari.