Wutsiyar Ayarin Mandera

Duk wanda ya taɓa dakon albasa daga fadamun bayan Mandera zuwa Bodinga ya san Mijinyawa, ko da bai san fuskarsa sosai ba, domin yawanci fitilarsa kawai ake hange ta madubi. Mashin tara ke tafiya ayari ɗaya, kowane da buhu biyu, shi ne na tara. Da kabu-kabu ya fara tun yana saurayi, daga baya ya koma ɗaukar kaya ta hanyar daji inda mota ba ta shiga. Yanzu furfura ta ci rabin gemunsa, ga 'ya'ya shida a gida, duk wannan mashin ne ke ciyar da su.

Ayarin yana da ƙa'idarsa. Ba a wuce na gaba cikin yashi. Wanda ya ga rami ya ɗaga ƙafar hagu, na baya ya ɗaga wa na bayansa. In an yi kiciɓis da garke a burtali, a kashe inji, a gai da makiyayi. In an zo mararraba, kowa ya tsaya sai ya hangi fitilar wanda ke biye da shi. Tun da aka fara ƙwace mashin a dajin nan, ba mai tafiya shi kaɗai. Wuri na biyu, bayan jagora, na sabon shiga ne, ko wanda ya ɗauko mara lafiya. Wutsiya kuwa sai mai ƙarfi. Shi ke riƙe da famfo da faci da igiya, shi ke ɗaga wanda ya faɗi, kuma babu kowa a bayansa.

Mashin yakan zo ne da shakazoba biyu a tayar baya, masu shanye gargada, kowace da mataki biyar na tauri. Tun da jimawa Mijinyawa ya sa wani bakanike a Shagari ya ƙara masa biyu, huɗu ke nan, ya ɗaure su duka a mataki na biyar. Buhu biyu, wani lokaci uku, mashin ko gezau. Sai dai duk ramin da taya ta faɗa, kai tsaye yake hawa ƙashin bayansa. Bara ciwon ya sauko har ƙafar dama, yatsu suka fara mutuwa. Da ya je asibiti, likita ya duba hoton bayan ya ce ƙashin ya goge, ya bar hawa mashin. Mijinyawa ya yi godiya, ya fito, ya hau mashin ɗinsa ya koma gida.

Bana da albasa ta fito, ya zauna ƙofar ɗaki da sifana ya cire biyun da aka ƙara, ya sassauto sauran zuwa mataki na biyu. Matarsa Kande tana tankaɗe tana kallonsa.

"Malam, ka hwaɗa ma Zayyanu?"

Zayyanu shi ne jagoran ayarin.

"Mi za ni hwaɗa mai? Mashin nau na, baya ma nau na."

Da safe aka ɗaure kaya. Mashin ya zauna ƙasa kamar an danne shi. Sharhabilu, mai tafiya na takwas, ya zagaya shi yana dariya.

"Kawu, wanga mashin naka yau rangwaɗa yaka yi. Amarya kad ɗauko cikin buhu?"

"Duba gabanka, ɗan nema. Ni ina bayanka."

Farkon tafiyar kamar an yi masa gafara. Mashin na shanye ramuka, bayansa shiru. Har ya ji haushin kansa da bai yi haka tun tuni ba. Sai da suka zo busasshiyar ƙorama kafin Lambara, wadda ake gangarawa da gudu don kada yashi ya riƙe mutum. Takwas suka haye. Shi yana gangarawa nauyin ya danne shakazoba har ƙarshe, tayar baya ta cije da buhu, mashin ya tsaya cak ya kwanta da shi.

Bai karye ba. Ya zare ƙafarsa ya miƙe, ya kama kan mashin zai ɗaga kamar yadda ya saba ɗaga na mutane. Wani abu ya tsarga masa daga ƙugu har diddige, ya durƙusa. Ya sake gwadawa. Sai ya zauna cikin yashi kurum, yana jin ƙarar sauran tana nisa.

A mararrabar gaba Sharhabilu ya tsaya bai ga fitila ba. Na bakwai ya tsaya jiran Sharhabilu, na shida jiran na bakwai, har abin ya kai ga Zayyanu. Kafin su dawo, su sauke buhunan, su raba kayan tsakaninsu, rana ta take. Da suka isa Bodinga motar da za ta kwashi albasar ta cika da na wasu ta tafi. Buhu goma sha takwas suka yini a rana. Sharhabilu ma bai yi ba'a ba, kuma wannan ya fi komai yi wa Mijinyawa zafi.

Mijinyawa ya mayar da shakazoba huɗu, mataki na biyar. Ranar lodi ta gaba ya tura mashin zai koma wurinsa, Zayyanu ya tare shi, yana kallon ƙasa.

"Kawu, yau ka biyo ni. Ina son mai hankali kusa da ni."

Mijinyawa ya san abin da ake nufi, shi da kansa ya sha faɗa wa wasu irin wannan magana. Bai yi musu ba. Ya shiga na biyu.

Kowane rami ya sha shi da haƙora a cije. Duk sa'ad da ya rage wuta, sai ya ji inji bakwai sun rage a bayansa, ba wanda ya wuce shi, ba wanda ya danna oda. Sun riski motar, amma da ƙyar. Aka sauke buhunansa yana zaune bisa mashin, don ƙafar dama ta ƙi ɗaguwa. Zayyanu ya matso zai tallafe shi.

"Bari, ta saki da kanta," in ji Mijinyawa. "Zayyanu, in kun tashi lodi na gaba, kada ku biyo ta ƙohwata."

Ya jira ya ji ko za a ce masa haba Kawu. Zayyanu ya share zufa da hularsa, ya ce, "Allah shi ba da lahiya," ya juya wajen masu lodi.